Yanda muka yi kiwon tsutsar malam-buɗe-littafi a tsakar gidanmu, damina guda

Abin ya faro ne daga bishiyar lemun tsami da ke tsakar gidanmu a nan Zariya. Ba wata babba bace, shekararta uku da dasawa, tsayinta bai wuce kafaɗata ba, amma Abban yara yana ji da ita sosai dan da hannunshi ya dasa ta, duk safiya sai ya leƙa ta kafin ya fita. Da ruwa ya kankama wajen ƙarshen watan Yuni sai ta fito da sabon toho, irin ganyen nan mai laushi mai sheƙi, cikin 'yan kwanaki muka fara ganin gefen ganyen a ɓantare kaman an bi shi da almakashi. Mun zargi fara, mun zargi akuyar maƙwabta, har wata safiya 'yata ta biyu mai shekara 9 ta shigo kicin da gudu tace min "Umma zo ki gani, kashin tsuntsu yana tafiya."

Na je na duba, wallahi da bata nuna min da yatsa ba da ban gane ba. Wani ɗan abu ne baƙi-baƙi mai ruwan ƙasa da fari a tsakiyar bayanshi, yana kwance a saman ganye yana ɗan maiƙo, sak kashin tsuntsu da ya faɗo bai gama bushewa ba. Sai da na zuba ido na kusan minti guda sannan naga kan yana motsi yana gaigayar gefen ganyen. Muka bi bishiyar reshe-reshe muka samu guda shida, sannan a ƙarshen wani toho akwai wasu 'yan ƙwallaye masu ruwan ɗorawa, ko ƙwayar gero ta fi su girma, kowanne shi kaɗai a ganyenshi. Ƙwai ne. A lokacin ban san haka ba, daga baya ne na gane cewa babban malam-buɗe-littafin nan baƙi mai ɗigo-ɗigon ɗorawa da ke yawan zagaya bishiyar da hantsi, wanda masana ke kira Papilio demodocus, shi ne uwar waɗannan 'ya'yan.

Rigimar da aka fara yi a gidan

Abbansu da ya dawo maganarshi ɗaya ce, gobe zai sayo magani a fesa. Hajiya surukata ita ƙyama ce tata, tace "ke 'yar nan, tsutsa ake tsayawa kallo? A karkaɗe wa kaji su cinye." Maƙwabcinmu wani dattijo da ke noman rani shi ma da yaji labarin sai da ya leƙo ta ƙofa yace min "Hajiya ƙarama kar ki yi wasa da tsutsa, mu mun ga abin da ta iya." Kuma gaskiyarshi, dan a 2016 tsutsar nan da manoma suka sa wa suna sharon ta cinye tumatir a Kano da Kaduna har gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir, kuma a shekarar ne dai tsutsar masara da ta taso daga nahiyar Amurka ta fara ɓulla a ƙasar nan. Dukansu biyun 'ya'yan faɗa-wuta ne, 'yan ƙananan nan masu tashi da dare. Mutumin da ya taɓa asarar gona guda ba za ka zo kana mishi bayanin kyan fuffuke ba, ni ma ban yi mishi musu ba.

Abin da ya hana feshin shi ne kukan yarinyar. Ita so take ta ga me abin zai zama, an koya musu a makaranta cewa tsutsa tana komawa malam-buɗe-littafi amma a allo kawai ta gani. Ni kuma tawa damuwar daban ce, a gindin bishiyar nan akwai zogale da yakuwa da kunyar dankali biyu, daga nan nake tsinkar na miya, kaji kuma suna kiwo a wajen, bana son a watsa min guba a inda nake ɗibar abinci saboda tsutsa shida. A ƙarshe aka daidaita a kan cewa ba za a bar ko ɗaya a jikin ƙaramar bishiyar ba, duk wadda aka gani a cire, mu yi kiwonta a gefe, ganyen da za ta ci kuma a dinga samowa daga babbar bishiyar lemun da ke gidan Kawunsu a bayan layinmu, wadda ko akuya ta hau ba za a ga gurbi ba. Abbansu ya ƙara da sharaɗi, ranar da ya ƙara ganin sabon toho a ɓantare to yarjejeniya ta rushe.

Mazauni

Ba mu sayi komai ba. Tsohuwar robar fenti ce babba na wanke ta da omo na ɗauraye sau uku na shanya ta a rana kwana biyu, na shimfiɗa takarda a ƙasa, na yanko ƙyallen tsohon gidan sauro na rufe bakin na ɗaure da robar tayar keke. Gidan sauron ma da farko na kusa yin kuskure, na ɗauko irin wanda ake rabawa a asibiti, sai na tuna ai wannan da magani a jikinshi aka yi shi kuma wanki baya fitar da shi duka, sai na koma na nemo wani tsohon labulen raga na taga. Reshen lemun kuma muna tsoma gindinshi a ƙaramar kwalba da ruwa dan kar ya yi yaushi. Robar tana baranda inda iska ke shiga amma rana bata dukanta kai tsaye, dan zafin cikin roba a rana ko minti ashirin ya isa ya dafa su.

Ƙananan ba a ɗaukarsu da hannu, jikinsu ba ƙwari, da gashin kaza muke lallaɓa su su hau sabon ganye, ko kuma mafi sauƙi a ajiye sabon reshe kusa da tsohon su ƙaura da kansu. Kashinsu kuma kullum sai an zubar an sake takarda, da farko kaman garin barkono yake, da suka girma ya koma ƙwallaye kaman masoro, in aka bar shi kwana biyu da danshin damina sai fumfuna ta kama.

Ganye shi ne komai

Kwana na uku ruwa ya hana yara zuwa gidan Kawu, ganyen da ke robar ya ƙare, sai nace ai ganye ganye ne, na tsinko zogale da yakuwa har da ɗan latas na zuba musu. Har la'asar ba wadda ta taɓa ko ɗaya. Suna ta yawo a jikin roba suna ɗaga kai suna laluben iska, sun gwammace yunwa da su ci abin da ba nasu ba. Nan na fara fahimtar cewa wannan kiwon ba irin na kaza bane da za ka watsa mata duk abin da ya samu. Kowace tsutsa da shukarta, uwar ce ke zaɓa mata tun kafin a haife ta, kuma abin mamaki da ƙafa take ɗanɗana ganyen, shi ya sa za ka ga ta sauka a kan toho tana ɗan buga shi da ƙafafun gaba tana kaɗa fuffuke kafin ta lanƙwasa ciki ta manna ƙwai guda ɗaya ta wuce. Ta lemo sai lemo da danginshi, tsami ko zaƙi duk tana ci. Farin malam-buɗe-littafin nan da ke cika hanya da damina 'ya'yanshi tafasa da rai-ɗore suke ci. Wanda baya da shukar a kusa da shi gara kar ya fara ɗauko tsutsar, azabtar da ita kawai zai yi.

A cikin ruwan na aiki babban ɗana da lema ya yanko reshe biyu. Muna sawa suka hau ba ji ba gani, in dare ya yi tsit har ƙarar cinsu ana ji in ka kara kunne a bakin robar, wani ɗan ƙas-ƙas-ƙas a jere.

Saɓa

Wata rana ɗaya daga cikin manyan ta daina ci, ta lafe a tsakiyar ganye bata motsi tun safe har dare. Yarinyar ta tayar da hankali wai ta mutu, tana so ta taɓa ta da tsinke, na hana ta ba dan na san dalili ba, sai dan naga jikin bai saki ba. Ashe saɓa za ta yi irin ta maciji. Fatar tsutsa bata girma tare da ita, in ta matse ta sai ta saƙa ɗan zare a kan ganye ta maƙale ƙafafun baya, ta jira, fatar ta tsage daga wajen kai ta zame ta fito, sannan ta juyo ta cinye tsohuwar fatar. Wanda ya ɓamɓare ta daga wajen a wannan lokacin zai iya sa ta kasa fita. Sau huɗu suke wannan saɓar suna tsutsa, kuma ta huɗun ita ce ta ba mu mamaki, da daddare mun bar kashin tsuntsu, da safe muka tarar da wata koriya shar, santsi kaman an shafa mata mai, da ratsi mai duhu a gicciye da wasu tabo biyu a gaba kaman idanu. Tana ƙarama ta ɓuya a kamannin kashi dan tsuntsu baya cin kashinshi, da ta yi girman da wannan dabarar ba za ta ɓoye ta ba sai ta koma launin ganye. Ni dai tasbihi kawai na yi.

Autana mai shekara 5 shi ya gano makaminta. Ya saci jiki ya dangwale ta a baya, nan take ta ɗago gaba ta fito da wasu ƙahonni biyu masu ruwan lemo daga bayan kanta, a rabe kaman harshen maciji, da wani wari mai hawa kai kaman ɓawon lemun da ya ruɓe. Ya ja da baya yana ihu. Bata cizo, bata harbi, warin ne kawai take korar kiyashi da sauran ƙwari da shi, in ta natsu sai ta mayar da ƙahonnin ciki. Amma na kafa musu doka tun ranar, duk tsutsa mai gashi irin gizaka ba a taɓa ta ko da wasa, waɗannan gashin nasu na sa ƙaiƙayi da borin jiki, mu marasa gashi kaɗai muke kiwo.

A wannan matakin na ƙarshe ne cin ya zama ci. Guda ɗaya tana iya tashi da ganye uku huɗu a wuni, tsayinta ya kai santimita 4 da ɗoriya, kaurin ɗan yatsan auta. A nan na ga gaskiyar Abbansu ƙarara, da an bar shida ɗin nan a ƙaramar bishiyarmu da sun yi mata tsirara. Masu renon dashen lemo na sayarwa in sun ce wannan tsutsar abokiyar gabarsu ce ba sharri suka yi mata ba. Abin da kawai nake cewa shi ne bishiya ɗaya ko biyu a cikin gida ba sai an kai ga magani ba, ido da hannu sun isa, minti biyar da safe.

Ƙwanso da fitowa

Wajen sati uku da ƙyanƙyasa sai ta farko ta bar cin abinci gaba ɗaya, ta yi wani kashi mai ruwa-ruwa, ta shiga zagaye robar kaman mai neman hanyar fita. Mun riga mun jingina 'yan busassun tsinke a ciki. Ta zaɓi ɗaya ta hau, ta manna wutsiyarta da zare, sannan ta yi abin da har yau in na tuna sai tsigar jikina ta tashi, ta dinga kai kanta dama da hagu tana saƙa zare guda a kan wani har ya yi kauri, ta zura kai ta ciki ya zama kaman majanyi ya tallafe ta ta baya, ta jingina a kai ta ƙanƙance. Haka ta kwana ta wuni. Washegari fatar ta sake tsagewa, abin da ya fito ba kai ba ƙafa, wani ƙwanso ne mai 'yan ƙahonni biyu a sama kaman guntun ice. Waɗanda suka yi nasu a kan busasshen tsinke ruwan ƙasa suka zama, biyu da suka yi a jikin ɗanyen reshe kuma kore.

Daga nan sai jira. Ba ci ba sha ba motsi, yara har sun fara gajiya, ni ce kawai nake leƙawa. A kwana na 12 da yamma naga ƙwanson ya yi duhu, da na haska fitilar waya sai ga ɗigo-ɗigon ɗorawa na fuffuke ana hango su ta ciki kaman ta leda. Na ce wa yarinyar gobe bayan sallar asuba kar ki koma barci. Wajen ƙarfe bakwai saura ƙwanson ya tsage ta sama, ya turo kai, ya jawo dogayen ƙafafu, cikin abin da bai kai minti biyu ba ya fito gaba ɗaya ya kama tsinken ya rataye. Fuffuken a cukurkuɗe kaman tsumman da aka matse, cikin kuma ƙato. Yarinyar tace "Umma ya lalace." Nace ki dai tsaya. Muna kallo cikin yana raguwa fuffuken suna miƙewa a hankali a hankali, ruwan jikinshi yake turawa cikin jijiyoyin fuffuken, bakin nan nashi mai kama da zare yana warware shi yana naɗewa. Ya ɗigar da wani ruwa mai ruwan ƙasa a kan takarda, wanda ba jini bane, dattin da ya taru ne tun yana ciki. Sai wajen ƙarfe tara ya fara buɗewa yana rufewa, ga wasu idanu ja da shuɗi a fuffuken baya, auta yana tsalle yana cewa malam buɗe mana littafi. Muka kwance ragar a gindin zogale, ya hau yatsan yarinyar ya ɗan tsaya, sannan ya tashi ya haye katanga. Hajiya tana zaune a kan tabarma da carbi a hannu, bata ce komai ba amma har ya ɓace tana bin shi da ido.

Asarar da muka yi

Wadda ta fi min ciwo ita ce ta maganin sauro. Wani dare aka yi iska mai ƙarfi da ruwa, na shigo da robar falo dan kar ta kife, ban faɗa wa kowa ba, babban ɗana kuma ya fesa maganin sauro kaman yanda ya saba ya ja ƙofa. Da safe guda huɗu suna ƙasan robar sun murɗe suna amayar da koren ruwa, kafin azahar duk sun mutu. Raga bata tare feshi. Irin wannan na iya faruwa ta hanyar ganye ma, shi ya sa duk reshen da ban san bishiyarshi ba bana karɓa, ko da daga wajen masu sayar da fulawa ne, dan yawanci suna fesawa kuma ɗauraya bata isa ta tabbatar maka ba.

Ɗaya ta nutse a kwalbar ruwan, ta bi reshe ta gangara har ciki. Tsutsa ta wasu 'yan ƙofofi a gefen jikinta take numfashi, kuma bata san ta juyo ba in ta taɓa ruwa. Tun ranar muke toshe bakin kwalbar da auduga. Kiyashi ma sun kawo hari sau ɗaya, muka ɗora robar a kan bulo a cikin faranti mai ruwa, tsaka kuma kullum tana maƙale a bango tana lissafi, ragar ce kawai ta hana ta.

Sai kuma wani ƙwanso da ya wuce kwanakinshi ya yi baƙi, wata safiya muka ga ɗan rami a gefenshi kaman an huda da allura, robar cike da wasu mitsi-mitsin ƙwari baƙaƙe masu fuffuke, dangin zanzaro ne. Uwarsu ta riga ta sa ƙwanta a jikin mai ƙwanson, 'ya'yan suka cinye shi ta ciki. Sau biyu hakan ta faru, kuma duka biyun daga cikin waɗanda muka tsinto ne sun riga sun girma a waje, ɗayan ma a ƙwanson muka same shi a jikin katanga. Duk wanda muka ɗauko tun yana ƙwai bai gamu da wannan ba. Yarinyar ta yi kuka, na zaunar da ita nace waɗannan ƙwarin su ne dalilin da ya sa tsutsa bata cinye duk lemun garin nan ba, su ma aikinsu suke. Ɗaya kuma ya fito lafiya amma ya suɓuce ya faɗo ƙasan roba cikin dare, jikin robar santsi ya kasa hawa, fuffuken suka bushe a cukurkuɗe. Kwana huɗu muna bashi ruwan sukari a auduga kafin ya mutu. Da mun sa ƙyalle ya sauko ta cikin robar har ƙasa da ya samu abin kamawa, yanzu haka muke yi.

Ta tumfafiya

A watan Agusta yara sun riga sun zama mafarauta, kowane ganye sai sun juya bayanshi. A kangon da ke bayan gidanmu suka gano wata a jikin tumfafiya, mai zobe-zobe fari da baƙi da ɗorawa, da wasu siraran ƙahonni baƙaƙe guda shida, biyu a gaba biyu a tsakiya biyu a baya. Wannan ita bata ɓuya sam, dan ta san abin da ta taka. Nonon tumfafiya guba ne, ita kuma tana cin ganyen tana tara gubar a jikinta har ta zama malam-buɗe-littafi, tsuntsun da ya haɗiye shi zai yi amai kuma ba zai ƙara marmarin mai irin launin ba. Shi ne jan nan mai ruwan lemo da baƙin gefe da fararen ɗigo, Danaus chrysippus, mai tashi a hankali kaman ba abin da ya dame shi, kuma namu na Afirka ta Yamma fuffuken bayanshi fari ne. Ƙaramar tsutsar dabara gare ta, sai ta fara gatsa da'ira a bayan ganye nonon ya tsiyaye, sannan ta ci tsakiyar, dan in ba haka ba nonon zai iya manne mata baki.

Ita wannan ni kaɗai nake yanko mata ganye, da leda a hannu, in na gama in wanke da sabulu, dan nonon tumfafiya in ya shiga ido ba ƙaramar illa yake yi ba, ban yarda yaro ya taɓa ba. Ta fi ta lemo sauri, kuma ƙwansonta daban ne, ba majanyi, da wutsiya kawai take rataya kai a ƙasa a jikin ragar, ya fito gajere kore mai haske da ɗigon zinari a jere kaman ɗan kunne. Wasu kuma suka fito ruwan hoda. Kwana takwas zuwa tara suke fitowa. Biyu daga ciki ƙuda ne ya riga mu, maimakon malam sai wata farar tsutsa ta zuro ta faɗo ƙasa ta koma kaman kashin ɓera.

Ta dankali

Wannan ni na tsince ta ina cire ciyawa a kunyar dankali, sai da gabana ya faɗi, kaurinta ya kai babban yatsana, tsayi kusan santimita 9, ruwan ƙasa da ratsi a karkace da ƙaho guda a wutsiya. Ƙahon ba ya harbi. Biyu muka samu. Ta farko da ta ƙoshi ta fara zagaye sai muka jera mata tsinke kaman yanda muka saba, ta ƙi hawa, kwana biyu tana zagaye tana tura kai a ƙarƙashin takarda har ta ƙanƙance ta bushe. Maƙwabcin nan namu manomi shi ya warware min, yace "ai irin wannan a ƙasa take kwanciya, in muna haƙar dankali muna tono su, ja ne mai hannu kaman buta." Ta biyun sai muka cika rabin bokiti da ƙasa mai ɗan danshi, tana sauka ta nutse ciki cikin 'yan mintuna. Bayan kwana goma na tona a hankali da cokali dan yara su gani, ga shi kuwa kaman yanda ya faɗa, ja mai sheƙi da wani lanƙwasasshen hannu a gaba, wanda a cikinshi ne dogon bakin yake, na mayar na rufe.

Sati uku da wani abu sai da daddare muka ji fur-fur a cikin bokitin. Ƙaton faɗa-wuta ne toka-toka, in ya lafe a jikin ice ba za ka gan shi ba, amma da ya buɗe sai ga ratsin hoda da baƙi a cikinshi. Bakin in ya warware ya fi jikinshi tsayi, da shi yake shan ruwan fure da magariba yana tsaye a iska, kuma irinshi suna tafiya mai nisa har Turai suke kaiwa daga Afirka. A nan yaran suka ga bambancin da idonsu, malam ƙahonnin kanshi masu ɗan ƙulli ne a ƙarshe kuma da rana yake yawo, in ya sauka ya haɗe fuffuke sama, wannan kuwa jiki kauri da gashi-gashi, fuffuke a kwance a baya. Shi sai bayan isha'i muka sake shi, muka kashe ƙwan waje tukuna dan kar ya dawo yana bugun fitila tsaka ta samu.

A daren ne Hajiya ta buɗe baki. Tace wai mu muna ganin sabon abu muka ƙirƙiro, alhali zaren tsamiya da ake yi wa manyan riguna aiki da shi tun tana yarinya a cikin birni ai daga tsutsa yake. Wasu tsutsotsi ne masu zama jingim a bishiya su saƙa gida guda babba su shige ciki gaba ɗayansu, a kawo gidan kasuwa, mata su dafa shi da ruwan toka ya yi laushi, a shanya, a kaɗa shi da mazari kaman auduga. Tace kakarta tana yi, kuma rigar da aka yi wa aiki da shi ba kowa ke iya saye ba. Daga ranar ita ce ke tuna wa yara in ganye ya yi yaushi, tace "ku je gidan Kawunku ku yanko musu, kar ku ɗauki alhakin bayin Allah."

Lissafi

Yarinyar tana da littafi mai 40 da ta ware, duk wadda aka ɗauko sai ta bata lamba ta rubuta ranar. Zuwa ƙarshen Oktoba na lemo 17 ne suka shiga robar, takwas sun tashi, huɗu maganin sauro, ɗaya ruwa, biyu zanzaro, ɗaya faɗuwa, ɗaya kuma tana nan a ƙwanso. Na tumfafiya tara, bakwai sun tashi. Na dankali biyu, ɗaya. Akwai lokacin da muka tara guda tara a roba ɗaya, ganye baya kai yamma, kashi ya yi yawa, suna hawa kan juna har wata ta dame wadda ke shirin ƙwanso, tun daga nan na ce kar a wuce huɗu ko biyar a roba, sauran in sun yi yawa a kai su babbar bishiyar Kawu a sake su can, wanda tsuntsu ya ci rabonshi ne. Ƙaramar bishiyarmu kuwa ba a fesa mata komai ba har damina ta fita, tohon ya yi ganye, Abbansu da kanshi ya koma in ya ga ƙwai da safe sai ya tsinko ganyen ya ajiye wa yarinyar a kan taga kafin ya fita.

Ta 17 ɗin ita ce ta ƙarshe da ta yi ƙwanso, ruwa ya riga ya ɗauke. Sati biyu suka wuce, wata guda, hunturu ya shigo da ƙurarshi, shiru. Sau biyu ana cewa a yar, ni kuma in na shafa ƙasan ƙwanson a hankali da gashin kaza sai ya ɗan karkaɗa, nace da ranshi. Muka bar tsinken a cikin robar a lungun baranda, a gaban lambarta yarinyar ta sa alamar tambaya. Haka ya ci sanyi ya ci zafin bazara. Kwana shida bayan ruwan farko ina shara da safe naji motsi a jikin raga, ya riga ya fito har fuffuken sun bushe, ya ɗan fi 'yan uwanshi ƙanƙanta amma lafiyarshi lau. Yarinyar tana shirin makaranta da safa ɗaya a ƙafa, ta sake shi a gindin lemun da ya fara sabon toho, ta koma ɗaki ta lalubo littafin a ƙasan akwati ta goge alamar tambayar ta mayar da takwas ɗin tara.